Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo: makafi da ƙirar na'urorin zamani

Duk wanda ya taɓa kai yadi wurin tela ya san abu guda: tela na ƙwarai ba ya sa almakashi sai ya auna mai riga. In ya yanka bisa zato, ko da yadin shadda ne, ko da ɗinkin ya fi na kowa kyau, rigar tana iya zama ƙasan akwati har asu ya cinye ta. To, wannan magana ta tela ita ce za mu ɗora bisa wani al'amari da ya shafi ƴan uwanmu makafi da masu raunin gani, wato yadda a ke ƙera na'urori da kayan aiki dominsu.

Shekara da shekaru masu ido suna zama cikin ɗakunan bincike, suna ƙera wa makafi kaya ba tare da sun tambaye su ba. Wasu kayan sun yi amfani, da yawa kuma sun ƙare cikin mangaza, ƙura ta rufe su. In muka bi tarihi za mu tarar cewa kayan da suka ɗore, waɗanda makafin duniya ke aiki da su kullum, yawancinsu ko dai makaho ne ya ƙago su, ko kuwa an zauna da makafi tun daga farkon aiki har ƙarshensa.

YAWAN WAƊANDA ABIN YA SHAFA

A cikin rahoton da ta fitar a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum miliyar 2 da miliyan 200 ke fama da raunin gani iri-iri. Daga cikinsu aƙalla miliyar 1, da an yi rigakafi ko an ba su magani da tabarau, da ba su shiga wannan hali ba. Masana sun ƙiyasta cewa a 2020 makafi sosai sun kai miliyan 43.

Ƙasarmu ta san wannan ciwo. Nijar tana cikin ƙasashe 7 da suka soma babban shirin yaƙi da makantar kogi a 1974, lokacin da a ke feshin magani bisa koguna don kashe tsutsar ƙudan da ke yaɗa cutar. Ran 30 ga Janairu 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da wannan cuta, ita ce kuma ta farko a Afirka. Wannan abin alfahari ne ga kowane ɗan ƙasa. Amma rigakafi ba ya maido da idon da ya riga ya tafi. Akwai dattijon da yanar ido ta rufe, akwai uwar da amodari ya ɓata wa ido, akwai yaron da aka haifa haka. Dukansu suna bukatar karatu, da sana'a, da tafiya kasuwa, da riƙe kuɗinsu da kansu.

ƊAN BADUKU DA ƊIGO SHIDA

An haifi Louis Braille ran 4 ga Janairu 1809 a ƙauyen Coupvray, gabas da birnin Paris. Ubansa baduku ne mai ɗinkin kayan doki. Yana ɗan shekara 3 ya ɗauki basillar ubansa yana wasa, ta soke shi a ido. Ciwon ya harbi ɗaya idon, kafin ya cika shekara 5 ya makance. A 1819 aka sa shi lakwal ɗin yara makafi ta Paris, wadda wani mai ido, Valentin Haüy, ya kafa.

Haüy mutumin kirki ne, kuma ya yi tunani irin na mai ido. Ya ɗauki baƙaƙen da kowa ya sani, ya buga su manya-manya masu tudu bisa takarda mai kauri, don yara su shafa. Littattafan suka zama jibga-jibga, masu nauyi da tsada. Yatsa kuwa ba ya gane lanƙwasar baƙi da sauri kamar yadda ido ke yi, saboda haka karatun sai jan ƙafa. Ga shi kuma yaran ba su iya rubuta irin wannan rubutu da hannunsu.

Sai wani tsohon hafsan soja, Charles Barbier, ya zo da dabarar rubutu da ɗige-ɗige masu tudu, har ɗigo 12 cikin layi biyu. Yaran suka ji ɗigo ya fi baƙi sauƙin shafawa. Amma Louis ya gane abin da mai dabarar bai gane ba: ɗigo 12 sun fi ƙarfin kan yatsa, sai an yi sama an yi ƙasa kafin a san alama guda. Ya rage su zuwa 6, uku a hagu uku a dama, daidai abin da kan yatsa ke rufewa a taɓawa ɗaya. Da waɗannan ɗigo 6 a ke samun alamomi 63, sun isa baƙaƙe da lambobi, har da alamomin kiɗa. Ya yi wannan aiki a 1824 yana da shekara 15, ya buga shi a 1829.

Kada ku yi zaton an karɓe shi hannu biyu-biyu. Malamai masu ido sun ƙi shi, domin su ba su iya karanta shi ba. Wajen 1840 wani darektan lakwal ɗin ya hana aiki da shi, yara suka ci gaba da koya wa juna a ɓoye. Louis Braille ya rasu a 1852 da tarin fuka, yana da shekara 43. Sai a 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa, hukuma ta amince da rubutunsa. A 1952 aka kai gawarsa Panthéon, makwancin manyan mutanen Faransa. Tun 2019 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 4 ga Janairu ta zama ranar wannan rubutu. An daidaita shi da harsuna masu yawa, har da Larabci da Hausa, kuma da shi makafi ke karatun Alƙur'ani mai girma da yatsunsu.

Ku duba wannan labari da kyau. Haüy yana da niyya, Barbier yana da dabara, amma yaro ɗan shekara 15 shi ya san girman kan yatsa, domin da shi ya ke karatu.

SANDA, DAƁE DA TAKARDAR KUƊI

Farar sandar da mu ke gani hannun makafi, an ce wani mai ɗaukar hoto na birnin Bristol a Ingila, James Biggs, wanda ya makance bayan haɗari, shi ya shafa wa sandarsa farin fenti a 1921 don direbobi su hango shi. Kowace shekara, ran 15 ga Oktoba, a kan yi bikin ranar farar sanda.

A ƙasar Japan, wani mai ido, Seiichi Miyake, ya ƙago daɓe mai tudu wanda ƙafa da sanda ke ji, bayan ya yi shawara da wani abokinsa mai fama da ido. Aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967, kusa da makarantar makafi. Iri biyu ne: mai dogayen layuka yana cewa "bi nan", mai ƙwayoyi yana cewa "tsaya, akwai mararraba ko matakala". Daga baya kowane kamfani ya shiga yin nasa zane, har abin ya riƙa rikita masu bin sa, sai da Japan ta tsai da ƙa'ida guda a 2001.

Sai batun kuɗi. Da ƙasashen Turai suka tashi buga kuɗin yuro, wanda ya shiga hannun jama'a a 2002, sun zauna da Ƙungiyar Makafi ta Turai tun wajen zane. Shi ya sa kowace takarda girmanta daban, tana ƙaruwa bisa darajarta, ƙwandaloli kuma bakinsu iri-iri ne. A Amurka kuwa takardun dala duk girmansu ɗaya, makaho ba ya bambanta takardar 1 da ta 100 da hannu. Sai da wata ƙungiyar makafi ta kai gwamnati ƙara, a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta ba ta gaskiya. A Ostareliya ma, wani yaro makaho ne ya tattara sa hannun dubban mutane, har aka sa ɗigo mai tudu bisa sabuwar takardar dala 5 a 2016. Waɗanda suka yi tambaya tun farko sun huta, waɗanda ba su yi ba sun sha shari'a da gyara.

ZAMANIN KWAMFUTA DA SALULA

A 1976 wani injiniya a Amurka, Ray Kurzweil, ya nuna wa duniya na'urar da a ke ɗora wa shafin littafi ta karanta shi da murya. Ya yi aikin tare da babbar ƙungiyar makafi ta ƙasar, makafi masu ilimi suka yi ta jarraba na'urar suna nuna inda ta ke bukatar gyara.

Da kwamfuta ta shiga ofisoshi, sai aka bukaci manhaja mai karanta abin da ke bisa fuskarta ta faɗe shi da murya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna ita ce JAWS, ta Ted Henter, ɗan tseren babur da ya makance cikin haɗarin mota a 1978. Ta fito a 1989. Sai dai tana da tsada, ɗaruruwan dalolin Amurka, abin da ya fi ƙarfin talaka. A 2006 wani saurayi makaho a Ostareliya, Michael Curran, ya soma wata manhajar mai suna NVDA, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa. Suka ba da ita kyauta ga kowa, masu aikin sa kai suka fassara ta cikin harsuna fiye da 50. Su biyun sun san ciwon tsada, shi ya sa suka fara da maganinsa.

Da wayar salula mai fuskar gilashi ta fito, makafi sun shiga damuwa ƙwarai, domin maɓallan da su ke lalubawa sun ɓace, sai gilashi sumul. A 2009 kamfanin Apple ya sa VoiceOver cikin iPhone, wayoyin Android kuma suka samu TalkBack. Ga yadda abin ke aiki: in ka ɗora yatsa bisa wani wuri, waya ta faɗi sunan abin da ka taɓa, in shi ka ke so, sai ka buga sau biyu. Da wannan makaho ke kiran waya, ya karanta saƙo, ya saurari labarai.

A 2015 wani kafinta ɗan ƙasar Danmak mai raunin gani, Hans Jørgen Wiberg, ya fito da Be My Eyes. Makaho ya kan nuna kyamarar wayarsa ga kwalbar magani ko wasiƙa, wani mai ido daga cikin miliyoyin masu sa kai ya duba ya gaya masa. A 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da Seeing AI, mai karanta rubutu da bayyana abin da ke gaban mutum. Cikin waɗanda suka ja ragamar aikin akwai injiniya makaho, Saqib Shaikh.

INDA AKA MANTA DA TAMBAYA

Rashin sani ya fi dare duhu. A intanet sau da yawa a kan nuna wa mutum hoto mai karkatattun baƙaƙe, a ce ya rubuta su don a tabbata shi ɗan Adam ne. Wanda ya ƙago wannan bai tuna da makaho ba, ya rufe masa ƙofa. Haka na'urar fitar da kuɗi ta banki wadda ba ta magana: dole makaho ya faɗa wa wani lambarsa ta asiri, alhali banki da kansa ya ce kada a faɗa wa kowa.

Motoci masu aiki da lantarki ma sun kawo nasu. Masu ƙira suna murna mota ba ta ƙara, makaho kuwa da ƙarar mota ya ke sanin lokacin tsallaka hanya. Ƙungiyoyin makafi suka tashi tsaye, Amurka ta yi doka a kan haka, Tarayyar Turai kuma ta wajabta wa sababbin irin waɗannan motoci na'urar yin ƙara tun daga Yuli 2019.

Akwai kuma sanduna masu batir, masu kuka ko rawa in sun kusanci bango, waɗanda ɗalibai da injiniyoyi ke ƙerawa a ƙasashe da dama. Makafi da yawa su kan gwada su, su koma ga tsohuwar sandarsu, domin sabuwar ta yi nauyi, ga caji, ga kukanta yana toshe kunnen da su ke sauraren hanya da shi. Wani mai ƙira ya kan ɗaure idonsa da ƙyalle na awa guda ya ce ya gane halin makaho. Abin da ya gano tsoron duhu ne kawai. Makahon da ya shekara ashirin yana zuwa kasuwa shi kaɗai ya wuce wannan tsoro tuni. Yana da gwanintar kunne da ƙafa da hannu wadda ƙyalle ba ya koyarwa.

YAYA A KE SHIGAR DA SU?

Na farko, a kira su tun kafin a zana komi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In an gama gini sannan aka kira makaho ya shafa bango, an kira shi biki ne kawai, gyara kuma a lokacin ya fi tsada.

Na biyu, a kira iri-iri. Wanda aka haifa makaho da wanda ya makance da tsufa ba bukatarsu ɗaya ba. Wani ya iya rubutun Braille, da yawa ba su iya ba. Mai raunin gani yana son manyan baƙaƙe da launi mai fita sosai. Matsalar mace daban, ta ɗan ƙauye daban da ta ɗan birni.

Na uku, a gwada kaya inda za a yi aiki da su: cikin hayaniyar tasha, cikin ƙurar hunturu, a garin da caji sai an biya kuɗi wurin mai faranti mai aiki da rana.

Na huɗu, a biya su ladan aikinsu kamar yadda a ke biyan kowane gwani, a kuma koma a gaya musu abin da aka gyara bisa shawararsu.

Na biyar, wanda ya fi duka, a buɗe wa yara makafi ƙofar lissafi da kimiyya, don gobe su zama su ne masu ƙira. Abraham Nemeth, makaho ne malamin lissafi a Amurka, shi ya tsara hanyar rubuta lissafi mai zurfi da ɗigon Braille a 1952.

A NAN GIDA NIJAR

Wannan magana tana da doka a bayanta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu ran 13 ga Disamba 2006, Nijar ta tabbatar da ita a 2008. Aya ta 4 ta wajabta wa gwamnatoci su yi shawara da naƙasassu ta hanyar ƙungiyoyinsu kafin a tsara abin da ya shafe su. Aya ta 9 ta ce a sauƙaƙa musu shiga gine-gine, da sufuri, da hanyoyin sadarwa. A 2019 ƙasarmu ta yi tata dokar game da shigar da naƙasassu cikin al'umma. Abin da ya rage shi ne aiki.

Waɗanda za a tambaya kuwa ba su da wuyar samu. Akwai ƙungiyar makafi ta ƙasa, akwai lakwal ɗin yara makafi ta Soli Abdurahaman a Yamai. Tun kafin zuwan Turawa ma, manyan garuruwan ƙasar Hausa suna da sarkin makafi, mai magana da yawun jama'arsa a fada. Kakanninmu sun san cewa makafi suna da baki. Bai kamata jikoki masu kwamfuta su manta ba.

Ga misalin aikin da ba wanda zai yi mana shi. Muryar waya da aka horar da Faransanci, in ta ci karo da Hausa sai ta dagula ta. Kuma mu da kanmu mu kan ƙara mata wahala, in muka rubuta baƙaƙe ba ƙugiya. Mai ido in ya ga "kafa" ya kan gane daga jimla ko ƙafa a ke nufi. In ya ga "baki" ya san ko baƙi ne. Na'ura kuwa abin da aka rubuta shi za ta faɗa. Ga kuma kalmomi irin "gari", wanda a ke zama cikinsa da wanda a ke tuwo da shi, rubutu ɗaya, faɗi daban. Wa zai fi makaho Bahaushe, mai sauraren waya safe da yamma, gane inda murya ta karkace? Tun da a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya dace jami'o'inmu da matasa masu ƙera manhaja su zauna da makafi a kan wannan aiki, su kuma tuna da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci, Buzanci da sauran harsunanmu.

Ya ku ma'aikata, kowa yana da abin yi a kujerarsa. Magajin gari, kafin ka ba da kwangilar hanya ko lambatu, ka taka ta tare da masu farar sanda. Su za su nuna maka ramin da ba murfi, da allon talla da ke daidai goshi, da inda ƴan kabu-kabu ke tare hanya. Mai sayen na'urori domin ma'aikata ko banki, ka sa cikin sharuɗɗan ciniki cewa sai makafi sun gwada sun yarda. Sakatare, ka sani takardar da aka ɗauki hotonta aka aika, manhajar karatu ba ta samun baƙaƙe a ciki sai da ƙarin wahala. Ka aika rubutun kansa.

AMFANIN NA KOWA NE

Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci kun san zafin miƙa wa wani wasiƙarka ya karanta maka asirinka, kun kuma san daɗin ranar da kuka karanta da kanku. Wannan daɗi shi ƴan uwanmu makafi ke nema. Kuma abin da aka gyara dominsu ya kan dawo ya amfani kowa. Littattafan saurare, waɗanda aka soma ɗauka bisa faifai domin makafi wajen 1934 da 1935 a Amurka da Ingila, yau masu ido ma suna sauraren su. Wayar da ke magana tana taimakon manomin da bai yi karatu ba, da tsohon da idonsa ya soma hazo. Hanyar da aka rufe ramukanta domin makaho, ita ce yaro da mai ciki za su bi lafiya da dare.

Ido amana ce, ba wanda ya san ranar da za a karɓe ta. Saboda haka duk mai shirin ƙera wani abu, ko gina shi, ko saye da kuɗin jama'a, ya yi koyi da tela: ya nemi mai riga ya auna shi tukuna. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu ikon sauraren juna, ya ƙara wa ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.